Maƙogwaron Gidan Su Maniru

Maniru manomin albasa ne a fadamar Danchadi, dogo, mai murya kamar ana mirgina turmi. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba. Abin da yake taƙama da shi guda ne: a gidansu namiji ba ya hura shayi. Daga wuta sai baki. Haka kakansa ya sha, haka ubansa. Ranar kasuwar Bodinga har taruwa ake yi a teburin mai shayi a kalle shi yana kwankwaɗar tafasasshen ruwa, ana tafi. Shekara arba'in yana dafa hanyar abincinsa don 'yan kallo.

Kakan da uban duk sun mutu tuwo ba ya wuce musu wuya. Wannan ba a faɗarsa a teburin shayi.

Da damina loma ta fara tsaya masa a ƙirji. 'Yarsa Bahijja, mai ɗinki a Shagari, ta ja shi asibiti a Sakkwato.

Likita ya ce, "Baba, ciwon daji ne. Kowace ƙwayar nama a jiki tana ɗauke da umarnin da ke ce mata ta tsaya da girma. Zafi na shekaru yana lalata umarnin, wasu kuma da rauninsa aka haife su, daga iyaye. Naka ƙarami ne tukuna. Ka dawo nan da mako biyu a yi aiki."

Duk bayanin nan, maganar iyaye kaɗai ta yi wa Maniru daɗi. Ya dawo gida kamar wanda aka naɗa.

"Kun ji ko? Likita da bakinai ya ce jinin kakana na. Ko ciwonmu ba irin na kowa ba ne."

"Baba, mako biyu fa ya ce."

"Ke mi kika sani? Koma ga kekenki. Wa kika ji an kwantar an yanka awa rago a gidanga?"

Mako biyu ya wuce. Aka yanke gero, aka dasa albasa. Tuwo ya bar shi, sannan fura, sannan kunu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, muryar nan ta koma kamar iska a cikin kara. Masu tafi suka zo dubiya sau ɗaya, suka ce ai jarumi ne, suka tafi.

Sai da ruwa a cokali ya fara dawowa, sannan Maniru ya ɗaga wa Bahijja kai, ya yarda a koma asibiti. Ta ɗauke shi kamar damin karan dawa.

Likita ya daɗe yana duba hoton ƙirjinsa da aka ɗauka. Ya ja ta gefe, ya rubuta maganin rage zafi, ya ce su koma gida.

A mota, wajen shiga Bodinga, Maniru ya jawo mayafinta. Ta kai kunne bakinsa.

"Kin hwaɗa mai ko jikan wa nike?"

Bahijja ta dubi gonakin da ke wucewa.

"Bai tambaya ba, Baba."