Ƙyauren Likita Siddiq

Likita Siddiq ba ya shiga gaban mutum. In kun fito masallaci tare, sai ya tsaya gyaran takalmi har ka wuce. In kun iso bakin zaure, sai ya ja gefe ya ce, "Bismilla, Malam." Mun daɗe a Ƙofar Guga muna ɗauka ladabi ne, har ana yi wa yara misali da shi. Matarsa, Hajiya Saudatu, ita ta gaya wa mai ɗakina cewa ba ladabi ne kaɗai ba. Bayanka yake kallo. Yana duba yadda kafaɗa ta zauna, da yadda ƙugu ke karɓar nauyi, da ƙafar da kake ja ba ka sani ba. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun da na ji haka ban ƙara tafiya a gabansa da sakin jiki ba.

Mahaifinsa, Malam Sammani, magini ne. A wancan zamani da wuya ka sami soro a unguwarmu da hannunsa bai taɓa ba. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, yana bisa wani soro yana gyaran bakin indararo, sai ƙasa ta zame da shi. Siddiq yana makarantar kwana lokacin. Waɗanda suka ga abin sun ce da ya faɗo bai suma ba. Ya yi salati, ya tanƙwashe ƙafa, har ya ce a miƙo masa hularsa. Jama'a suka taru, kamar yadda muka saba taruwa. Aka ɗaga shi aka jingina da bango, aka ba shi ruwa. Sannan wasu suka kama hannuwa, wasu suka kama ƙafafu, aka nufi gida da shi da sauri yana lilo a tsakani. Ana gab da shiga zaure ya ce, "Wa ya saki ƙafafuna?"

Ba wanda ya saki.

Duk waɗanda suka ɗauke shi masoyansa ne. Wannan ya kamata a sani.

Malam Sammani ya yi shekaru a kwance. Duk hutun makaranta Siddiq ne ke juya shi, yana wanke masa gyambon da kwanciya ta haifar. Hular tana rataye a ƙusa inda tsohon ke iya ganinta. Bayan rasuwarsa yaron ya tafi Zariya ya karanta likitanci, daga nan ya ƙetare teku ya ƙware a tiyatar ƙashin baya. Da ya dawo ya kama aiki a wani asibitin koyarwa a wani gari, yana yi wa mutane aiki, yana koyar da ɗalibai. Mun ji an ce ya miƙar da mutane da yawa da tarin fuka ya ci wa ƙashin baya ya lanƙwasa su. An ce kuma yana rubuce-rubuce, Turawa na gayyatarsa taro. Mu dai abin da muke gani, ranar Juma'a da yamma motarsa ta tsaya a bakin lungu, ya sauko da 'yar jaka, ya bar mu mu wuce gaba.

Binciken da ya ba rayuwarsa bai wuce tambaya ɗaya ba. Duk wanda aka kawo masa ƙafafu sun shanye, kafin ya duba hoton ƙashi, sai ya kira waɗanda suka kawo shi ya ce, "Da ya faɗi, kafin ku taɓa shi, ƙafarsa ta motsa?" Shekara da shekaru yana wannan tambaya, ga direbobi, ga manoma da suka faɗo daga bishiya, ga masu haƙar rijiya. Wata Asabar bayan la'asar muna zaune a tabarma a zaurensa, na tambaye shi abin da ya gano.

Ya ce, "Malam, a cikin ƙashin nan akwai laka, kamar igiya. Ƙashi in ya karye ina iya ɗaure shi da ƙarfe. Laka in ta tsinke, ba ni da zaren ɗinka ta. Kuma sau da yawa ba faɗuwar ce ke tsinka ta ba."

Na ce, "To me?"

Ya dubi tafin hannunsa. Can ya ce, "Ni kullum a makare nake zuwa. Aikin a bakin hanya ake gama shi."

Shekarar da soja suka koma bariki, gari ya cika da babura. Masu neman kujera suna raba su, samari suna baro ƙauyuka suna shigowa birni yin acaɓa, wasu ranar da suka fara hawa ranar suka fara ɗaukar fasinja. Likita ya ce gadajen ɗakinsa na asibiti sun cika da yara waɗanda ko gemu ba su ajiye ba. Sai ya je wajen Ɗanjuma kafinta ya sa aka yi masa falankai, kowane tsawon mutum, da ramukan sa hannu a gefe da maɗauran zane. Nufinsa a ajiye a tashoshin 'yan acaɓa. In mutum ya faɗi, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi. A mirgina shi bisa katako, kai da wuya da baya a layi ɗaya, a ɗaure, sannan a ɗauka. Ya ce mini ba ya neman komai sai ya ga an kawo masa mutum ɗaya daga garinmu a haka kafin ya bar aiki.

Na raka shi tashar Ƙofar Kaura ranar da ya kai na farko. Shugabansu, wani baƙin dogon mutum mai suna Tanko, ya tara yaransa a inuwa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da hanya. Likita ya yi bayani a tsanake, sannan ya ce wani ya zo ya kwanta a gwada.

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Sani, tashi mana, kai da kullum kake barci bisa babur."

"Ni? Uwata na da rai. Kai ka kwanta, tunda ba mai kuka in ka tafi."

Tanko ya sosa ƙeya ya ce, "Baba Likita, Allah ya ba ka haƙuri. Wannan fa makara ce."

"Katako ne, Tanko."

"To ai ita ma ba da zinariya ake yin ta ba. Mutum miƙe, an ɗaure shi, maza sun ɗauka. Ranka ya daɗe, me ya rage? Liman kawai."

Aka yi dariya. Likita ma ya yi. Sai ya cire hularsa ya miƙa mini, ya tattara babbar rigarsa, ya kwanta a kan katakon da kansa. Ya sa Tanko a wajen kai, ya nuna masa yadda zai tallafe shi da hannu biyu, ya ce ba mai ɗagawa sai na wajen kai ya ba da izini. Suka ɗaure shi suna ƙyalƙyala. Da suka ɗaga, wani daga cikinsu, don sabo, bakinsa ya kuɓuce ya ce, "La'ilaha illallahu." Wata tsohuwa mai tallan daddawa da ke wucewa ta tsaya ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Inna lillahi. Wa aka rasa?"

Dariyar ta ɗauke. Suka sauke shi da sauri, ba wanda ya dubi idon wani. Ni kuma ina tsaye da hula a hannu.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. An gaya wa Hajiya Saudatu an ga an ɗauko Likita a miƙe. Muka same ta a zaure mayafi a karkace, ba takalmi. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Likita, in kana gaggawa ne, ka bari a kira ka." Ta juya ciki. Tun daga ranar ba ta yarda a shigo mata da katakon nan cikin gida ba.

Na Ƙofar Kaura aka jingina shi a bayan ɗan ɗakin kwanon da ƙungiyar 'yan acaɓa ke ajiye kayanta. Yara suka sa masa suna makarar Likita. Ba mai zama kusa da shi.

Da damina ta yi nisa, mota ta buge wani yaro mai suna Yusuf a daidai tashar. Bai daɗe da shigowa birni ba, shi da wansa. Tanko ya ruga ya ɗauko katakon, wannan kam an shaide shi. Amma wan ya tare hanya yana kuka. Ya ce, "Ƙanena da ranshi ba mai sa shi a makara. Yana magana fa! Ku ji, yana magana!" Jama'a suka goyi bayansa, suna cewa kada a yi wa yaro mugun fata. Aka ɗaga Yusuf aka zaunar bisa babur, wani a gaba wani a baya sun matse shi, aka bi ramukan titi zuwa asibiti.

Ranar Asabar ce, Likita yana gari, aka kira shi. Da ya dawo ya zauna a zaure bai cire takalmi ba. Na ce, "Ka yi tambayar?"

Ya ce, "Na yi."

Na ce, "Me suka ce?"

Ya ce, "Ta motsa. Har yaron ya ce a nemo masa takalminsa ɗaya."

Ya ɗauki yaron zuwa asibitinsu ya yi masa aiki, ya ɗaure abin da ke ɗauruwa. Yusuf yana nan da ransa. In ka bi ta Ƙofar Kaura za ka gan shi a keken hannu, da faifan goro a cinya. Ban taɓa jin Likita ya zagi wan ba. Ya ce mini, "Da na ɗauka rashin sani ne. Yaron nan ya ji bayanina sarai, yana wajen ranar da na kwanta. So ne ya hana shi." Bayan wannan ya rage magana. In muna tafiya, nisan da yake bari tsakaninmu ya ƙaru.

Wata safiya muna tsaye a bakin lungu, sai ga wasu leburori sun ɗauko sabon ƙyaure a kwance, za su kai wani gini. Mutum biyu gaba, biyu baya. Mata suna wucewa, masu shago suna ciniki, ba wanda ya ko waiwaya. Likita ya bi su da ido har suka sha kwana. Ya ce, "Malam, ka ga wani ya yi salati?"

Ranar ya koma wajen Ɗanjuma. Aka karɓo falankan aka sake musu fasali. Aka yi musu fuska irin ta ƙofa, da mariƙi da wajen sa kwaɗo, aka shafa shuɗin fenti, ramukan hannu suka zama kamar ado. Ƙarfen rataya kuma aka yi shi yadda in ka ɗaga ƙyauren sama zai zare gaba ɗaya. Nufinsa a rataya shi a ɗakin ƙungiya ya zama ƙofar gaske, a buɗe shi a rufe kullum, hannu ya saba da shi. Ranar da aka buƙata, ba makara za a ɗauko ba. Ƙyaure za a cire, kamar yadda mutum ke cire abin da ya samu in ta ɓaci.

Na tasharmu ta Ƙofar Guga da kansa ya tsaya aka rataya. Duk Juma'a in ya shigo gari, kafin ya isa gida, sai ya rage gudu a wajen ya leƙa. Kullum ƙyauren na nan a rataye. Ban san ko murna yake yi ko akasinta ba. Ban tambaya ba.

Na Ƙofar Kaura ya ce shi zai ɗaura wa ƙarfen da hannunsa. Hajiya ta yarda a ajiye shi a zaure, da sharaɗin a tsaye. Ya ɗaura na sama. Sai ciwon da ya daɗe yana ɓoye mana ya kwantar da shi, kuma bai tashi ba. Mutumin da yake jira a kawo masa a miƙe, har ya bar duniya ba a kawo ba.

Da safe aka yi jana'izarsa. Da aka gama suturta shi za a sa a makara, 'yan acaɓa suka shigo, Tanko a gaba. Dangi suka miƙa hannu za su ɗauka, sai ya ce, "Ku tsaya." Ya durƙusa a wajen kai ya tallafe da hannu biyu. Ya ce, "Kai da wuya da baya, layi ɗaya. Ba mai ɗagawa sai na ce."

Wani dattijo ya ce, "Tanko, ai ya riga ya tafi."

Ya ce, "Na sani, Baba."

Ban taɓa ganin an ɗauki mutum a hankali haka ba. A hanyar maƙabarta shi ne a gaba, mu duka muna baya.

Ƙyauren Ƙofar Guga yana nan, fentin ya koɗe. An ce an taɓa ganin ɗakin a buɗe ba ƙofa wata rana da hantsi. Wasu sun ce wani birkila ne ya faɗo daga bene, wasu sun ce gyara kawai aka kai shi. Ban bincika ba.

Ɗayan kuma yana zauren Hajiya, jingine da bango. In za a yi shara sai a matsar da shi a tsaye, a maido shi a tsaye. Ƙarfen sama yana ɗaure. A ƙasa akwai ramukan da ya huda, ƙarfen da kusoshinsa suna cikin wani gwangwani a kan taga.