Dangin Gwaggo na Lokacin Hajji

Kakar kakana da ƙafa ta zo Makka, tun kafin Turawa su shiga ƙasar Hausa. Mijinta ya rasu, ta ji ayarin mahajjata zai tashi, sai ta ɗora ɗanta namiji a jaki ta bi su. Inda guzuri ya ƙare ta tsaya ta yi wa mutane surfe da daka, wani wurin har noman damina, a haka ta ƙetare Bahar Maliya. Yawan shekarun da ta yi a hanya ya danganta da wanda ka tambaya. Babana yakan rage, Gwaggo yayarsa takan ƙara, musamman in akwai baƙi.

Abu ɗaya ne ba a musu a kansa. Ta bar 'ya mace, sabuwar yaye, a hannun ƙanwarta a wani ƙauye na ƙasar Katsina, da niyyar ta sauke farali ta koma. Ba ta koma ba. Har ta rasu, duk shekara tana bin masaukan alhazai tana cigiyar yarinyar, kuma ta bar wasiyya cewa kada a daina. Sunan ƙauyen ya salwanta a bakin jikoki. Abin da ya iso mana kawai shi ne akwai rijiya a ƙofar gidan, da tsamiya kusa da ita.

A zamaninmu Gwaggo ce ta gaji wasiyyar, ni kuma na gaji tuƙa Gwaggo. Da alhazai sun fara sauka, sai in ɗauke ta daga gidanta na unguwar Utaibiyya zuwa kasuwa, ta samu inuwar wani shago ta kasa kunne. Duk wanda ta ji Hausa a bakinsa ya shiga hannu. Takan tambaye shi ko garinsu akwai rijiya. Wane gari ne babu? Sai ta ce ai da tsamiya kusa da ita, ko ba haka ba, tana gyaɗa masa kai tun bai buɗe baki ba. Bawan Allah ya dubi tsohuwa, ya ji nauyin ƙaryata ta, ya ce kamar dai akwai. Shi ke nan, ya zama ɗan'uwa.

Daga nan sai gida. Tuwon shinkafa da miyar kuka, ga shayi, ga dabino, in zai tafi a haɗa masa turare da carbi. Mutumin da ya gaji da abincin masauki, tsuntsu daga sama gasasshe. Wasu har kuka suke yi, ban sani ba ko na zumunci ne ko na yaji. A haka muka yi dangi a Daura, da Maraɗi, da wasu garuruwan da ko a taswira ba sa maƙwabtaka da Katsina. 'Ya'yana, da Larabci ya fi zama a bakinsu, sun ɗauka duk ƙasar Hausa 'yan gidanmu ne.

Wata shekara muka samu wani dattijo mai gaskiya. Ya ce shi mutumin Kumasi ne, Hausar ma a kasuwa ya koya, kuma garinsu famfo suke sha. Na ce a raina yau dai Gwaggo ta haɗu da gamonta. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai mutanenmu sun daɗe suna fataucin goro a Gwanja, ta nan jinin ya bi. Ya ci tuwo har da ƙari.

Da na mayar da shi masauki na dawo, na same ta a zaune tana matsa gwiwoyinta, don a lokacin tsayuwar murhu ta fara gagararta. Tausayinta ya kama ni, haushi ma ya ɗan kama ni. Na ce mata cikin wasa, anya Gwaggo, a duk mutanen nan akwai wanda ta yarda namu ne?

"Ya waladi, ɗana, ka ɗauka ba ni da hankali?" in ji ta. "Na fi ka sanin ba su ba ne."

Na tambaye ta to wahalar ta mece ce.

Ta ci gaba da matsa gwiwoyinta. Sannan ta ce ita ma ta yi yaye, ta san yadda yaro yake bin ƙofa da ido.

"An ce wa yarinyar nan uwarta na nan dawowa, ƙila har ta tsufa tana jira. In Allah Ya kawo jikanta garin nan, shi ma bai san sunanmu ba, ba shi da shaidar komai. So kake in tsare shi a bakin ƙofa da tambayoyi, mu sake barin ta?"

Na tambaye ta ƙarfe nawa zan zo gobe.