Kwana Tara Ina Cika wa Malam Rabin Tambari

Kwana tara Malam Tanimu ya yi da ciwo a cikin kansa, yana zaune a tsakiyarmu yana aiki, kuma ni ne na ɓoye alamar ciwon da hannuna. Rana ta goma ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka shigo zauren nan daga baya kuna yawan tambaya me ya sa nake zama a daman Malam, alhali an ce muku wurina na asali hagu ne. Ga dalilin. Sau ɗaya zan faɗa.

Sunana Sale. Ban yi boko ba. Karen mota ne ni a da. Motarmu ta faɗi a hanyar Kaduna, mu shida a ciki, ni kaɗai aka ɗauko da rai, ƙafata ta dama kuma ba ta sake miƙewa ba. Malam Tanimu ne ya same ni a ƙofar gidanmu a nan Ƙofar Gayan, ya ce, "Allura ba ta neman ƙafa. Zo ka zauna." Na zauna a hagunsa shekara goma sha tara.

Ga wanda bai san aikin ba, ɗinkin hannu na babbar riga hawa-hawa ne. Mai zane shi ne gaba. Shi yake shimfiɗa riga, ya sa alƙalami da tawada ya fitar da askake, wato dogayen adon nan masu tsini, da wuya, da tambari, wato wannan zagayayyen adon da ke kan ƙirji. Idan riga tana shimfiɗe a gabansa, askake suna faɗawa ta damansa, tambari ta hagunsa. Daga shi sai mai rabo, wanda yake karɓar rigar, ya shanya tawadar, ya kai wa masu ɗinki, na zaure da matan cikin gidaje. Ni ne mai rabo. Doka ɗaya ce ba a taɓa faɗa mana da baki ba amma kowa ya san ta: ba a gyara wa mai zane, ba a taɓa alƙalaminsa. Inda tawada ta bi, nan allura take bi.

Malam yana da 'ya, Nafisa, tana shekara ta uku a jami'a. Da za ta tafi mun ɗauka likita za ta zama. Sai aka ce a'a, karatun ƙwaƙwalwa take yi. Idan ta zo hutu muka tambaye ta, sai ta ce wannan zangon lissafi suka yi, wancan haɗa sinadarai, wani halayyar ɗan Adam, wani kwamfuta, wani kuma sun yi ta kallon ɓeraye suna neman hanya a cikin akwati. Ado, wanda yake ɗinki a daman Malam kuma bakinsa ba ya hutawa, ya sa mata suna Likitar Ɓeraye. Ni ban yi mata ba'a ba, amma a raina na ce karatun da ya taɓa komai bai kama komai ba.

Abin ya fara ranar wata Litinin, ana sauran wata biyu babbar salla, riguna sun taru. Na shigo da safe na ce, "Malam, ina kwana?" Sai ya juya wajen Ado ya ce, "Lafiya lau." Ado ya dube ni, na dube shi. Na ɗauka tunani ne ya yi masa yawa.

Da ya gama zana rigar farko na ɗauka zan shanya, sai na tsaya. Askake sun fita tsaf, irin hannunsa. Tambarin kuwa rabi ne. Kamar an yanka ƙwarya biyu an jefar da ɓari ɗaya. Mutumin da yake zana tambari ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Na kai bakina zan yi magana, na fasa. Akwai masu ɗinki huɗu a zauren. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya ɗauke ni daga ƙasa, "Ka yi kuskure," a gaban na ƙasa da shi? Da aka tashi sallar azahar na ce ƙafata tana damuna, su yi gaba. Na ɗauki alƙalamin Malam, karo na farko a rayuwata, na cika rabin. Na ce a raina rufin asiri nake yi.

Washegari haka. Jibi haka. Ran Alhamis babu tambarin ma gaba ɗaya, sai na zana shi daga farko. Kuma duk kwanakin nan Malam bai dube ni ba ko sau ɗaya. Idan na miƙa masa riga sai ta daɗe a hannuna. Idan na yi magana, ko ya yi shiru ko ya amsa wa Ado.

Ado ya ja ni gefe ya ce, "Kai gurgu, me ka yi wa Malam? Ko kuɗin goronsa ka ci?"

Na ce, "Ban sani ba."

"To ka nemi sani. Ni dai na gaji da amsa gaisuwar da ba tawa ba."

Sai na yanke a raina cewa ya gane ina taɓa alƙalaminsa, shi ya sa ya juya mini baya, kuma da gangan yake barin rabin don ya ga iya rashin kunyata. Amma in na daina, rigunan mutane za su fita da rabin tambari da sunansa. Na ci gaba. Na ƙudura cewa bayan salla zan naɗe tabarmata in bar zauren.

Nafisa ta dawo hutu ran Talata da yamma. Ran Laraba da hantsi ita ta fito wa Malam da koko da ƙosai. Ta gaishe mu, ta tsuguna a gefe tana jiran kwano. Malam ya ci, ya ture farantin ya ce, "Ƙosan yau bai da auki."

Na leƙa farantin. Gefen dama ya share shi tas. Gefen hagu ƙosai biyar suna nan ba a taɓa ba.

Nafisa ta matso. Ta sa yatsa ta juya farantin a hankali, har ƙosan ya koma dama. Malam ya duba ya ce, "Au, kin ƙaro? Allah ya yi miki albarka."

Ado ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Na ga fuskarta ta canza. Ta zagayo ta tsuguna kusa da ni, ta hagunsa, ta ce, "Baba." Ya juya dama yana nemanta.

Ta ce, "Baba Sale, don Allah ɗauko mini rigunan da ya zana kwanan nan."

Akwai uku da ban kai rabo ba tukuna. Na ɗauko. Ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, tana bin gefen hagu da ido. Kowace da tambarinta cikakke. Sai na ga ta yi sanyi. Ta ce, kamar da kanta take magana, "To ai zanen a cike yake. Da abin da nake tsoro ne, da nan zai fara nunawa."

Malam ya ce, "Me kike nema a rigunan mutane?"

Ta ce, "Baba, ina jin ya kamata a je asibiti."

"Asibitin me? Kaina ba ya ciwo, ƙafata tana tafiya, ga aikina a gabanki. Ko akwai aibi a ciki?"

Ado ya ce, "Likitar Ɓeraye, Malam fa ba ɓera ba ne."

Ta fara naɗe rigar. Ta ce, "Wataƙila ni ce na yi gaggawa. Ni ba likita ba ce, ɗaliba ce."

Nan na gane abin da na yi. Yarinyar ta hango gaskiya, kuma aikin hannuna ne yake ƙaryata ta. In na yi shiru za ta ɗauki farantinta ta shiga gida. In na yi magana na tona wa Malam asiri a gaban kowa, na tona wa kaina.

Na ce, "Ba shi ya cika su ba. Ni ne."

Allurar Ado ta tsaya a cikin riga.

Na ce, "Rabi yake zanawa. Wani lokacin babu ma. Ni nake cikawa idan kun tafi masallaci."

Nafisa ta ce, "Tun yaushe?"

"Litinin ta makon jiya."

Ta ƙirga da yatsu. Ta ɗora hannu a ka. "Kwana tara, Baba Sale? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Malam ya juya dama, wajen da ba na nan, ya ce da ƙarfi, "Sale, ka taɓa alƙalamina? Kuma ka yi mini ƙarya a gaban 'yata? Ni ne zan zana rabin tambari?"



Nafisa ta ciro zare daga ƙunshin Ado, kamar kamu ɗaya, ta miƙe shi a kan allon zane ta danne bakinsa biyu. Ta ce, "Baba, kai ka koya mini gano tsakiyar yadi da ido. Sa mini tawada a tsakiyar zaren nan."

Ku san wannan: Malam Tanimu bai taɓa auna tsakiya da awo ba. Dillalai suna kawo baƙi su kalli yadda yake ɗiga tawada, a ninka yadi, ninkin ya faɗa kan ɗigon. Ya yi tsaki, ya tsoma alƙalami, ya ɗiga ba tare da jinkiri ba.

Ɗigon ya sauka can kusa da bakin dama. Ko yaron da aka yaye jiya ba zai kira wurin tsakiya ba.

Wani daga cikin masu ɗinki ya yi salati. Na ga gawa biyar a gefen titi ban ji abin da na ji a kan zaren nan ba.

Nafisa ta ninka zaren daidai kan ɗigon, ta kai shi ta damansa inda yake gani. Ɓari ɗaya guntu, ɗayan yana reto. Malam ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Ya warware, ya sake ninkawa da kansa. Sannan ya ce a hankali, "Ɗauko mini hulata."

A babban asibiti aka ɗauki hoton kansa. Likitan ya ce jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, sanadiyyar hawan jinin da bai san yana da shi ba. Ya ce idon Malam lafiya lau yake, kunnensa ma haka, amma wurin da yake lura da duk abin da ke hagu shi ne ya lalace, kuma mai irin wannan ciwon ba ya sanin yana da shi. Ya tambaye mu yaushe abin ya fara. Na faɗa masa. Ya dube ni kawai, ya ci gaba da rubutu. Daga baya ya ce abin da ya lalace ba lallai ya dawo duka ba, amma za a ba da magani don kare wanda ya fi wannan girma, wanda kan kwantar da mutum ko ya tafi da shi.

A barandar asibitin sauran magana ta fito. Hajiya, matar Malam, ta ga yana barin rabin tuwo, ta ɗauka girkinta ne ya gundure shi, ta yi shiru. Ado ya ga yana bugun ƙyauren zaure da kafaɗar hagu, ya ɗauka tsufa ne, ya yi shiru. Liman ya ga yana barin giɓi a sahu ta hagunsa, ya ji nauyin faɗa. Kowa ya riƙe guntunsa don kunya. Nawa ya fi na kowa muni, domin ni ban tsaya a shiru ba, har sharewa na yi.

Na tambayi Nafisa a wane darasi aka koya musu wannan. Ta ce ba a darasi ɗaya ba. Jijiyar a wani aji ta gan ta, yadda hankali yake zaɓar abin da zai lura da shi a wani, gwajin tsakiyar layi kuma a wani. Ta ce, "Da ɗaya kawai na karanta, da ni ma na ce tsufa ne." Ado bai sake kiranta da wancan sunan ba.

Malam ya yi mako biyu a kwance. Ranar da ya dawo zaure, na zo da niyyar ɗaukar tabarmata. Ya ce, "Ina Sale?" Na zagayo ta damansa. Karo na farko cikin kusan wata guda ya sa idonsa a nawa. Ya ce a kawo masa ɗaya daga cikin rigunan nan uku. Ya juya ta har tambarin ya zo inda yake gani. Ya ce, "Zagayenka na uku ya karkace. Ba ka riƙe numfashi." Ya miƙo mini alƙalamin.

Abin da na koya ke nan. A sana'ar nan muna ganin rufin asiri shi ne ƙarshen biyayya. Wani lokacin haka ne. Amma idan gwanin shekara arba'in ya yi kuskuren da ɗan koyo ba zai yi ba, wannan ba abin rufewa ba ne, abin gudu a kira mutane ne. Shi ya sa na sauya dokar. Wanda ya ga aibi a zanena ya faɗa a take, da ƙarfi, ko jiya ya fara riƙe allura.

Nafisa ta gama digirinta, ta ci gaba da karatu. Malam yana nan da rai, yana shan maganinsa, har yanzu ana juya masa faranti. Ni nake zane, shi yake dubawa. Ina zaune a damansa, inda yake ganina.