Ruwan Tsarin Maƙwabci

Maƙwabcina mahauci ne ya kashe min sa, da ruwan tsari.

Tun yana maraƙi na sayo san a kasuwar Mashi. Fari ne, mai tozo. Niyyata in sayar da shi gab da Babbar Sallah in yi wa ɗakin uwata rufin kwano, don ruwa ya gama cin rufin ƙasar. Mahaucin ya sha taya shi. Na ce ban sallama ba.

A garinmu, can gefen Zango, in an yi surfe ba a zubar da ruwan da aka wanke geron. Mai dabba ake aika wa. Ba a ƙi, ba a leƙa bokiti, sai dai a ce an gode. Aka yi suna a gidan mahaucin. Bayan an watse sai ga babban baho an aiko. Ina gona. Matata ta karɓa, ta ajiye a gaban san.

Saman ne kawai tsari. A ƙasa ragowar gasarar kunun suna ce, ta kwana ta yi tsami, ga jiƙaƙƙen gero, ga mazarƙwaila an narka a ciki. Sa ya ji zaƙi, ya shanye tas.

Da la'asar na dawo na tarar cikinsa ya kumbura ta hagu. Na buga, ya yi ƙara kamar ganga. Bakinsa na warin giya. Ban kira kowa ba, sai ga sallama. Mahaucin ne, igiya a kafaɗa, wuƙa a hannu tana ƙyalli.

Ya ce, "Sannu, maƙwabci. Ashe abin da ya faru ke nan?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Nishinsa na ji ta katanga. Kada ka bari ya zama mushe. Kawo in ɗauke maka shi haka nan, in rufa maka asiri."

"Daga jin nishi har ka wasa wuƙa?"

Na ce ya fita.

Da hannuna na yanka san yana da sauran rai. Da na huda tumbin, iska ta fito da ƙara, kumfa ta biyo. Geron mahaucin na nan a ciki, bai narke ba. Na raba naman gida gida, kyauta, ban da gidansa. Washegari kasuwa ta ci, babu wanda ya tsaya a teburinsa. Wannan bai ishe ni ba. Uwata ta yi daminarta ta ƙarshe da ƙwarya a gefen gado tana tarar yoyo.

Bayan an binne ta na tafi wata ruga wajen Dutsi, gun wani tsohon Bafillace da ake kai wa shanu marasa lafiya.

Na ce, "Baffa, koya min kumburi."

Ya ce, "Cikin saniya tukunya ce. Zaƙi in ya zauna a tukunya mai ɗumi, giya yake komawa, yana tashi yana fidda iska. In gyatsa ta gagara, iskar ce ke danne numfashi."

Na zauna da shi har aka kawo wata karsana da ta kumbura. Ya nuna min ramin da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙugu, ta hagu. Ya soka, ya cusa bututu. Iska na fita, ya ƙyasta ashana a bakin bututun. Wuta ta kama, shuɗiya.

Ya ce, "Ka ga abin da 'yan birni ke saye a tukunyar ƙarfe su yi girki? Mu a banza shanu ke ba mu."

Ban yi dariya ba.

Na dawo da siririyar wuƙa da bututu. Na tanadi kanwa da man gyaɗa don ɗura wa dabba. Duk wanda dabbarsa ta kumbura a yankinmu, ni yake nema. Ba na karɓar komai. Sharaɗina ɗaya: ko ta tashi ko ba ta tashi ba, kada mahaucin nan ya taɓa ta. Matan gari kuma sun koyi zura hannu har gindin bokiti kafin su ba dabba.

Mahaucin ya aiko liman ya roƙe ni. Na ce wa liman na ji.

Yanzu ya tsufa, awaki kaɗai yake yankawa. Ni ma na tsufa. Ranar kasuwa ina kan benci daura da teburinsa, bututuna a aljihu.