Irin Albasar Gidanmu

Ni ban yi makaranta ba. Ajin yaƙi da jahilci na shiga, shi ma da gemuna, don haka mai neman daɗin zance ya nemi wani. Abin da zan faɗa zancen albasa ne, da babana, da ruwa.

An haife ni a gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, ƙasa da Yelwa. Muna taɓa kamun kifi, muna noman gero da damina, amma abin da aka san mu da shi albasa ce. Ta gidanmu kuwa daban take. Ja ce, 'yar madaidaiciya, mai tauri, in Inna tana yanka ta a madafa wanda ke zaure ma sai ya share ido. Tana daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba. Irinta baƙi ne kamar garin gawayi, Baba yana zuba shi cikin wata butar duma, ya toshe bakin da tsumma, ya rataye a ɗakinsa. A gungunmu irin gida ba ya fita. Ba a sayarwa, ba a kyauta, ko ɗiyarka ta yi aure ba ka ba ta. Kakan Baba ya bar wa uban Baba, haka ya zo hannunsa. Kuma irin albasa ba shi da haƙuri. Ya shekara, ya fara mutuwa. In ya shiga ta biyu, abin da zai tsiro kaɗan ne. Dole kowace shekara ka sabunta shi, in ka yi sake ya tafi ke nan har abada.

Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na ƙarshen damina. Shi ya ja baya, sai baƙin ruwa ya biyo da sanyi, daga wata ƙasa mai nisa da ba mu taɓa gani ba. A kan gungunmu akwai wani dutse mai kama da bayan kunkuru. In farin ruwa ya sauka har dutsen ya fito da bayansa, ranar ake zuba iri. Baƙin ruwa kuma akwai inda yake tsayawa, kowa ya san wurin, sai ka ja fangalinka sama da nan kaɗan, ka yi ta ban ruwa da ƙwarya daga gaɓa. Baba ya fi kowa sanin wannan a gungun. Mutane daga wasu gungaye kan turo a tambaye shi ko dutse ya fito.

Ina saurayi aka sami mulkin kai. Mun je Yelwa, an raba mana 'yan tutoci, an yi kiɗa, muka dawo gida ba abin da ya sake. Bayan 'yan shekaru sai ga wasu mutane cikin jirgi mai inji, suna leƙa wani abu mai ƙafa uku, suna shafa fenti a jikin itatuwa. Aka tara mu aka ce za a tare Kwara a Kainji, ruwa zai hau, za a tashe mu. An nuna mana hoton gidajen da za a gina mana. An yi maganar wutar lantarki da yawa. Ba wanda ya gaya mana watan da sabon ruwan zai hau da watan da zai sauka, a cikinmu ma ba wanda ya tambaya. Wa zai tambayi mai fenti yadda ruwa yake cika?

Lokacin da aka kwashe mu na riga na yi aure. Aka kai mu tudu, wajen Ngaski, kusa da wani ƙauyen Kambari. Gidajen na siminti ne, rufinsu a lanƙwashe, da rana kamar tanda. A gungu muna ajiye uwar albasa, wadda za a dasa ta ba da iri, a rumfar ciyawa inda iska ke ratsawa. Nan babu rumfa, ba mu kuma san wanda za mu roƙa ciyawa ba, sai muka jibge ta a ɗakin siminti. Kafin damina ta raba duk ta zama ruwa, wari ya hana mu zama. Abin da ya rage mana a duniya na albasar gidanmu shi ne abin da ke cikin butar nan.

Da damina ta ƙare Baba ya ce in ɗauko jirgi. Muka shiga sabon tafkin da ya haɗiye gungunmu, wanda ba ka ganin ƙarshensa, yana duban wani tsauni da kan wata busasshiyar rimi da ta rage a saman ruwa, yana cewa in yi dama, in yi hagu. Dutsen yake nema. Ya ɗaura gora biyu baki da baki, ya yi ta zurawa har ya ji ta taɓa abu mai tauri. Ya ce shi ne. Ko shi ne ko ba shi ba ne, Allah kaɗai ya sani. Ya ɗaure zare a jikin gorar daidai inda ruwa ya tsaya. Dabararsa ita ce, tunda ba zai ga bayan dutsen ba, zai riƙa auna shi, ranar da ruwa ya fara sauka daga zaren ya san farin ruwa ya juya.

Ba na so a ɗauka babana wawa ne. Ya yi tunani a wannan shekarar fiye da yadda na taɓa ganin mutum ya yi. Ba ya cin abinci sosai. Sai dai duk tunanin nasa daga dutsen yake farawa, a dutsen yake ƙarewa. Muka yi ta komawa, ni ne mai tuƙi, ga igiyar ruwa irin wadda ba mu saba da ita ba tana jifa da jirgin. Kullum zaren yana nutsewa. Ya ce farin ruwan bana ne ya yi nauyin jiki. Wata rana da iska ta kwanta zaren ya ɗan leƙo, bai kai faɗin yatsa ba. Ya ce to, ruwa ya juya, gobe za mu zuba.

Muna gyaran fangali a bakin ruwa maƙwabcinmu ya zo ya tsuguna. Bakambare ne, manomin dawa, yana bin addinin kakanninsa, ba ya wuce burkutu. Shi ya ara mana gatari ranar da muka sauka. Ya daɗe yana kallon mu, sannan ya ce, "Dattijo, nan za ka zuba?"

Baba ya ce nan.

Ya ce, "Ɗan ƙanwata yana leburanci a dam ɗin Kainji. Ya ce ruwan nan ƙofa gare shi. Mutane ne ke rufewa, su ne ke buɗewa. Ya ce yanzu tarawa suke yi, sai zafi ya shigo za su sake shi."

Baba ya miƙe ya dafa ƙugu. "Kai da ko wanka sai an kama ka, kai za ka koya mini ruwa, ɗan tudu?"

Mutumin ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Ni ban san ruwa ba, mai gungu. Shi ya sa na tambaya."

Da ya tafi na ce wa Baba ko za mu ɗan jinkirta, ko mu matsa sama. Ya ce yana duban ruwan nan tun uwata tana goye. Ya ce Kwara ba ɗaki ba ce da za a sa mata ƙofa. A gidanmu kuwa ɗa ba ya maimaita magana. Ya zuba rabin butar.

Irin ya fito da kyau, tsaye kamar allurai. Ruwan kuma ya zo, ba irin zuwan ambaliya ba, ba ƙara, ba laka. Kowace safiya ka tarar ya matso kaɗan. Muka yi masa jinga da ƙasa, ya zagaye ta. Ranar ƙarshe na tsaya a gaɓa ina hangen albasarmu a ƙarƙashin ruwa, shar da ita, ƙananan kifaye suna yawo a tsakaninta. Baba ya ce baƙin ruwa ne ya yi sammako. Ko a ranar bai ce ƙofa ba.

Shekarar da ta biyo na zagaya. Na ga wasu mutanen arewa da suka sauka can gaba suna ban ruwa da jigo, wato doguwar sanda mai guga a baki, a inda gaɓa take da tsayi, ruwa ko ya sauka ba ya nisa. Na zauna da su, na ja jigon da hannuna har na iya. Na dawo na gaya wa Baba, na kuma roƙe shi ya raba sauran irin wuri biyu ko uku, in wani ya ɓaci wani ya tsira. Ya ce jigo na mutanen da ba su da kogi ne. Ya ce bara ruwa ya ci mu don mun yi ƙasa, bana za mu yi sama, magana ta ƙare. Ya zaɓi wani fili shimfiɗaɗɗe, daidai inda ruwa ya tsaya bara, ya juye butar kaf. A nasa ganin ya koyi darasi, kuma gaskiya ya koya, rabinsa.

Irin ya tsufa, ya fito jefi-jefi. Abin da ya fito muka dasa, muka lallaɓa shi kamar jariri. Ruwa ya zo ya tsaya kusa da mu, Baba har ya fara fara'a. Sai zafi ya shigo, aka buɗe ƙofar da ya ce babu. A shimfiɗaɗɗen wuri ruwa ba sauka yake yi ba, gudu yake yi. Yau yana nan, jibi sai ka ratsa taɓo kafin ka kai gare shi. Ni da matata da Inna muka koma ɗaukar ruwa a ka, muna nutsewa har gwiwa, kafin ka iso rabin tulun ya zube. Albasa tana shirin yin kai ta tsaya. Ganyen ya yi rawaya, ya kwanta. Muka tono wasu 'yan abubuwa kamar gujiya, ba wadda za ta kai damina balle ta ba da iri.

Na yi kwanaki ba na iya duban fuskar Baba, shi ma ba ya duban tawa. Ya mayar da butar inda take rataye, ba komai a ciki.

Ana nan, wata rana da hantsi matar maƙwabcin nan ta shigo da ɗan kwando a ka. Ta sauke a gaban Inna ta ce ga abin miya. Baba yana zaune a gindin bango yana gyaran tarunsa na kamun kifi. Ya ɗago kai, ya ce a miƙo masa ɗaya. Ya juya ta a hannu, ya kankare ɓawon da farce, ya kai hanci. Ya ce, "Wa ya ba ku wannan?"

Inna ta ce, "Ni na ba ta."

Ashe tun shekarar da muka sauka, lokacin da matata ta haihu ba mu san kowa ba, matar nan ce ta zo ta karɓi haihuwar, ta yi ta kawo daddawa da man kaɗe. Inna ba ta da abin saka mata, sai ta ɗebi irin kaɗan daga butar, ta ƙulle a tsumma ta ba ta. Matar ba ta taɓa noman albasa ba. Ta watsa shi a bakin wani ɗan rafi da ke gindin dutsensu, inda ruwan tafki ba ya zuwa. Da wasu suka fitar da fure, mu da muka iya karya shi muke yi don kan ya yi girma. Ita ba ta sani ba, ta bar shi don ya ba ta sha'awa. Ya bushe, ya ba ta iri, ta sake zubawa.

Baba ya ce, "Irin gida kika fitar?"

Inna ta ce, "Wane gidan, Malam? Gidan yana ƙarƙashin ruwa."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi kuka, ko ya yi godiya. Ya ajiye albasar a ƙasa a hankali, ya ce irin da ya kwana a gidan wani ya zama nasu. Ya koma kan tarunsa. Matar ta dubi Inna, ta dube ni, ba ta gane laifin da ta yi ba.

Ni na je na karɓo irin a wurinta. Na kafa jigo a gaɓa mai tsayi, na raba shi wuri biyu, kuma kafin in zuba na aika a tambayo mini ɗan ƙanwar maƙwabcinmu ko sun fara tara ruwa. Albasar ta yi kyau. Baba bai taɓa taka wurin ba har ya rasu. In Inna ta yi miya da ita yana ci, yana share ido. Da na sami sabon iri na kawo zan zuba a butar, ya ce in bar masa butarsa. Sai na nemi kwalba.

Yanzu 'ya'yana da inji suke jan ruwa, suna sayen iri na gwangwani, wai ya fi girma. Ina gaya musu ba ya ajiyuwa, suna cewa to Baba, su ci gaba da abinsu. Wataƙila su ne da gaskiya, na gaji da gardama. Ni dai ina zuba tawa 'yar ja a gefe.

Albasar ta bazu a ƙauyukan tudu, don su ba su da dokar hana iri fita. A kasuwar Yelwa da sunan ƙauyen maƙwabcinmu ake kiran ta. Sau ɗaya na tsaya na gaya wa wani dillali cewa ba ta can ba ce, ta gungunmu ce, ta gidan kakan babana. Ya ce wane gungu, ina yake? Na juya na nuna masa ruwa. Ya duba, bai ga komai ba, ya ce in kwance bakin buhun da na kawo ya gani. Butar tana ɗakina, a rataye, yadda ya bar ta.