Ana Kirana Dokta, Ban Musa Ba

Lokacin da abin ya faru ina ɗaliba a Lyon, 'yar Damagaram wadda ba ta taɓa ganin teku ba sai da ta zo Faransa. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin bincikenmu a kan kamun kifi da dabbobin teku masu shayarwa, irin waɗanda ake kira dofan. Aikina a labo, wato ɗakin bincike, shi ne sauraren kukansu da aka naɗo daga ƙarƙashin ruwa, don a gane inda suke taruwa, a gargaɗi masunta kada ragarsu ta riƙa halaka su. Ina son aikin ƙwarai, amma ina jin kunyar faɗarsa.

Kunyar ta samo asali ne a wani suna da aka yi a Saint-Denis, kusa da Paris, gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda nake sauka wurinta duk hutu. Wani dattijo ya tambaye ni me nake karanta, na yi masa bayani tsakanina da Allah. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce wato na baro ƙasar da ko gulbin kirki babu a garinmu don in zo in saurari hirar kifi. Falon duka ya ɗauka. Daga ranar, duk wanda ya tambaya sai in ce doktora nake yi, in yi shiru. Gwaggo ta ji kalmar ta ɗauka likitanci ne, alhali digiri na uku ake nufi, ta shiga shagunan unguwar Château Rouge, inda mutanenmu ke cefane, tana shelar cewa ɗiyar yayanta dokta ce. Na ji, ban gyara ba. Gaskiya ma daɗi nake ji in an tashi an ba ni kujera.

Wani hutu na same ta tana fama da jiri. Ta ɗauko ƙwayoyin hawan jininta ta ajiye a cinyata, ta ce su ne ke kumbura mata ƙafa, likitanta kuma ba ya saurarenta, amma tunda Allah Ya ba ta tata a gida, in faɗa mata ko ta daina. Na juya kwalin ina karantawa kamar na gane. Kalma ɗaya ce za ta cece mu, in ce ban sani ba. Sai na ji bakina ya ce ta ɗan huta da su ta gani. Ta sa mini albarka, na hau jirgin ƙasa na koma Lyon.

Ba a daɗe ba mijinta ya kira ni ina labo, ya ce ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye. Da na isa asibiti a Paris, na tarar da dangi da maƙwabta cike da baranda. Likitar da ke duba ta ta tambayi dalilin barin maganin. Mijin gwaggo ya nuna ni da alfahari, ya ce ai abokiyar aikinta ce ta ba da shawara. Matar ta juyo cikin ladabi ta tambaye ni a wane asibiti nake aiki. A gaban kowa na ce ni ba likita ba ce, dabbobin teku nake nazari. Babu wanda ya zage ni. Mijin ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba ɗiyata." Da ma marina ya yi.

Gwaggo ta rayu, amma hannunta na hagu bai dawo ba, maganarta ma sai an natsu ake ganewa. Na durƙusa na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, kuma laifinta ne da ba ta tambaya ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na gama karatun, yanzu kuma kowa ya tambaya ina faɗin aikina dalla-dalla, mai dariya ya yi.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana ɗalibai. Kada dariyar mutane ta sa ku karɓi sunan da ba naku ba, domin wata rana za a kawo muku rai a kan wannan sunan. Ni dariya na guda, gwaggona kuma har yau sai an ɗaura mata zane.