Bashira Mai Hoton Ɗaka

Duk macen da ta zauna a unguwar Ruwais ta Jidda wajen 1970 ta san Bashira, ko tana so ko ba ta so. Gajeriya ce, ga faɗa, ga hannu wajen kitso da lalle. A Jidda aka haife ta. Kakanninta ne suka tako ta Sudan don aikin Hajji, suka yi zamansu. Mijinta ya rasu da wuri, ta ce ita aure ya ishe ta, ta kama gyaran amare. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, kuma ba na jin akwai macen da na yi faɗa da ita na kuma so ta kamar Bashira.

Ƙaninta Othman, direba a tashar jiragen ruwa, shi ya kawo mata kyamara, irin wadda ake dannawa a zaro takarda, a ɗan jira, a ɓare, hoto ya fito. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Sauran hotuna sai an kai wa namiji a shago ya wanke, ya ƙare wa matar mutane kallo, shi ya sa da yawanmu har muka tsufa ba a taɓa ɗaukarmu ba. Bashira ta yi ta gwaji a kan kyanwa da tukwanen gida, amma mace ko ɗaya ba ta yarda ta tsaya mata ba.

Sai ga Mastura, matar Abdulghaffar kafinta da ke aiki a Khumra. Shekara da shekaru Bashira ke mata kitso. Ta shigo wata rana bayan azahar, ta bar 'yarta Turai mai rarrafe a wajen maƙwabta, ta zauna ko abayarta ba ta cire ba.

"Yaya Bashira, daktur ya ce ranar Asabar za a yi mini aiki. Ƙullutun nan ya girma. Za su cire nonon hagu gaba ɗaya, shi ke nan."

Bashira ta yi salati.

"Ina so ki ɗauke ni kafin su yanka," in ji Mastura. "Ba don mijina Abu Turai ba, don kaina. Madubi ba ya ajiye komai."

Bashira ta shirya kamar za ta kai amarya. Ta ƙunsa mata lalle, washegari ta tsefe mata kai ta shafa mai, ta turara ɗakin. Ta sa wa ƙofa sakata, ta rufe tagogin ƙasa, ta bar na sama don haske. Mastura ta zo da wata rigar barci ta siliki daga kayan aurenta, a naɗe cikin sallaya don kada kowa ya gane.

Ta sa rigar, ta zauna a bakin gado, sai ta ɗago ta dubi Bashira.

"In wani ya gani fa?"

"Wa zai gani, ya ukhti, 'yar'uwata? Daga ni sai ke sai Allah."

"In na mutu aka tsince shi a kayana fa? Dangin mijina su ce ga abin da nake yi a bayan idonsa? Turai ta girma a riƙa yi mata gori da ni?"

Bashira ta ɗauki hoton buta don ta nuna mata ba wani kwafi da zai saura. Ta ɓare takardar, ta jefa baƙin ɓawon cikin kaskon turare, suka ga ya ƙone ƙurmus. Duk da haka Mastura ta miƙa hannu wajen abayarta, ta fasa, ta sake miƙawa, tana kuka har kwallinta ya zubo. Rana tana sauka, hasken taga yana ja da baya, ga gobe Juma'a mijin yana gida, jibi kuma wuƙa. Bashira ta ji kamar ta kwanta a ƙasa ta yi birgima.

Can dabara ta zo mata. "Juya kanki wajen bango. Saki gashinki ya rufe gefen fuskar. Ko a tsakiyar kasuwar Bab Makka aka yar da hoton nan, ba mai cewa ke ce."

Mastura ta yi 'yar dariya cikin hawaye. Ta juya, ta sassauta rigar daga kafaɗa. "Yalla, yi maza kafin in tuba."

Hoton ya fito tas. Mastura ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Ashe ina da kyau." Sannan ta miƙa wa Bashira. "Ki riƙe. In na fito zan karɓa. In ban fito ba, wuta. Amana ce, Yaya." Da sauran takardu a cikin kyamarar, amma ba wadda ta tuna da su.

Ba ta fito ba. Zazzaɓi ya kama ta bayan aikin, ta cika a asibiti.

Bashira ta kasa ƙona hoton. Kullum sai ta ce gobe. Bayan an share makoki Abdulghaffar ya zo ya tsaya a ƙofar gida, Turai a kafaɗarsa. Daga gidana ina jin muryarsa, yana kiranta Khala, wato inna.

"Khala Bashira, ta faɗa mini a asibiti kin ɗauke ta hoto. Ba mu da nata ko ɗaya. Yarinyar nan duk macen da ta gani sai ta ce Umma. Wallahi ni kaina fuskarta ta fara ɓace mini. Ki taimake ni, ko in gani sau ɗaya ne."

Namiji babba yana kuka a titi, ba daɗin ji. Bashira ta shiga ɗaki ta ciro hoton, ta kai shi taga, ta karkata shi nan ta karkata shi can, kamar Mastura za ta juyo. Gashi ne, da gefen kunne, da jikin da aka ba ta amanarsa. Ta sa shi a kasko, ta tsaya har ya zama toka, sannan ta fito.

"Abu Turai, babu fuska a ciki. Ni na ce ta juya."

Bai tambaye ta dalili ba. Ya shaƙi warin hayaƙin, ya gyara 'yarsa a kafaɗa, ya tafi.

Daga baya mata suka riƙa zuwa wajen Bashira a ɓoye, amare da masu miji a nesa, kowacce da tsoronta. Tana lallashinsu, tana ƙona ɓawon a gabansu, tana barin mai son juya kai ta juya. Amma hoton farko na fuska ne, a dube ta ido cikin ido. Wadda ta ƙi, sai ta miƙa mata abayarta ta nuna mata ƙofa. Wasu suka ce taurin kai ne, ni kuwa ban taɓa ce mata komai a kai ba.

Turai ta taso, Bashira ce mai kitsonta. Wata rana ina zaune, yarinyar tana tsakanin ƙafafunta, ta ce, "Khala, wai na yi kama da Ummata?"

Hannun Bashira ya tsaya. Na ga tana laluben fuskar a ranta, na kuma ga ba ta samo ta ba. Shekarun da ta yi tana wa Mastura kitso, ta baya take zama.

"Ƙeyarku iri ɗaya ce," ta ce.

Turai ta yunƙura za ta waiwayo, Bashira ta riƙe mata kai da hannu biyu ta hana ta juyowa.